Ɗige-ɗigen da ke kusurwar gilashin sabuwar mota: wanne ne abin damuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce na sayi mota sabuwa dal daga hannun dila, ba 'yar Kwatano ba. Sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ta nuna 05/24. Wani abokina ya ce mini in dai mota sabuwa ce da gaske, to dole lambar shekarar da ke kusurwar gilasanta ta zama iri ɗaya. Da na duba sai na ga gilashin gaba yana da ɗigo 3 sannan lamba 4. Ƙofofin gaba biyu da ƙofar baya ta hagu suna da ɗigo 5 sannan 4. Ƙofar baya ta dama tana da 4 sannan ɗigo 4. Amma babban gilashin baya 3 ce a jikinsa, sannan ɗigo 2. Wannan 3 ɗin ita ta hana ni sukuni. Shin an canza gilashin bayan ne, ko kuwa motar ta taɓa yin haɗari aka ɓoye mini?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin hawa, ya tsare hanya. In na fahimce ka daidai, abu biyu kake son sani: ko bambancin lambobin da ka gani yana nufin an taɓa gilasan motar bayan ta bar masana'anta, da kuma ko hakan hujja ce ta cewa an sayar maka da mota mai ɓoyayyen aibi. Na shafe shekaru ina ɗaura gilasan mota, kuma masu saye sukan kira ni in duba musu mota kafin su biya kuɗi, don haka wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurina. Zan fara da abin da zai kwantar maka da hankali: gilashin baya mai lamba 3 ba shi ne abin tuhuma ba. Sai dai a cikin jerin da ka kawo akwai wani gilashin da kai ba ka kawo shi a ranka ba, wato na ƙofar baya ta dama, kuma shi ne ya cancanci a sake duba shi da kyau.

Abin da ke rubuce a kusurwar gilashi

Kamfanonin da ke ƙera motoci, galibinsu ba su suke yin gilashi ba. Sayo shi suke yi daga manyan masana'antun da sana'arsu ke nan, irin su AGC na Japan, wanda a da ake kira Asahi Glass, da Saint-Gobain Sekurit na Faransa, da Fuyao na ƙasar Sin, da Pilkington na Ingila, wanda kamfanin Nippon Sheet Glass ya saye a 2006. Shi ya sa a kusurwar gilashin da ya zo da mota za ka ga tambari biyu, na kamfanin motar a sama da na mai gilashin a ƙasa ko a gefe. Ba abin mamaki ba ne mota ɗaya ta fito da gilashin gaba na wani kamfani, na ƙofofi kuma na wani daban.

A ƙarƙashin tambarin akwai alamomin da doka ta wajabta. Harafin E a cikin da'ira tare da lamba yana nuna ƙasar da ta gwada samfurin ta amince da shi bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 43, wadda ita ce ake rubutawa 43R. E1 Jamus ce, E2 Faransa, E4 Holan, E6 Beljiyam, E9 Sifaniya, E11 Birtaniya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙasar da aka yi gilashin ke nan, alhali ƙasar da ta ba da izini ce kawai, domin gilashin da aka yi a Sin yana iya ɗaukar E4. Lambar da ke bin kalmar DOT kuwa lambar rajistar masana'antar ce a wurin ma'aikatar sufurin Amurka. AS1 ana sa shi a gilashin gaba, AS2 a gilasan gefe da ke barin aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce, AS3 kuma a gilashi mai duhu na baya. Za ka kuma ga an rubuta Laminated a gilashin gaba, ma'ana falle biyu ne aka haɗa da siririyar roba a tsakiya, shi ya sa yake tsagewa amma ba ya watsewa. Na ƙofofi galibi Tempered ne, wanda ake gasawa a zafin da ya haura digiri 600 sannan a sanyaya shi farat ɗaya da iska, shi ya sa in ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa.

Na kawo duk wannan ne don ka lura da abu guda. Waɗancan alamomi na doka ne, kuma ma'anarsu ɗaya ce a ko'ina. Kwanan watan kuwa ba haka yake ba. Masana'anta ce ke sa shi don amfanin kanta, don in an sami matsala a wani rukunin gilashi ta san watan da aka yi shi, kuma kowace masana'anta tana da 'yancin rubuta shi yadda ta ga dama.

Yadda ake karanta ɗige-ɗigen

Tsarin da na fi haɗuwa da shi a aiki shi ne lamba guda tare da ɗige-ɗige, kuma bisa yadda ka bayyana, shi ne a motarka. Lambar ita ce ta ƙarshen shekara, wato 4 tana nufin 2024, 3 kuma 2023. Idan ɗige-ɗigen suna hagu da lambar, to an yi gilashin a rabin farko na shekara, sai ka cire yawansu daga 7 ka sami watan. Idan suna dama da lambar, to rabin ƙarshe ne, sai ka cire yawansu daga 13. Ke nan ɗigo 6 a hagu Janairu ne, ɗigo 1 a hagu Yuni, ɗigo 6 a dama Yuli, ɗigo 1 a dama kuma Disamba.

Akan tambaye ni dalilin da ya sa ɗigon ke raguwa maimakon ya riƙa ƙaruwa da tafiyar watanni, kuma amsar tana cikin yadda ake buga rubutun. Ana buga shi ne da allo mai ƙananan huji, kusan yadda masu buga rubutu a jikin riguna suke yi, da wani tawada na musamman da ke narkewa ya zama jiki ɗaya da gilashin idan an shigar da shi wuta. Toshe hujin ɗigo ɗaya a allon da ake da shi ya fi sauƙi a kan yin sabon allo kowane wata. Saboda haka sai a fara da ɗigo 6, duk wata a toshe ɗaya. Wannan gashin da ake yi wa rubutun shi ne kuma ya sa ba a iya goge shi da fetur ko a kankare shi da farce, kuma shi ya sa shaidarsa take da nauyi.

Akwai wasu tsare-tsaren. Wasu masana'antun suna amfani da harafi a madadin wata, A don Janairu, B don Fabrairu, har zuwa ƙarshen shekara. Wasu suna raba ɗige-ɗigen gida biyu, manya da ƙanana, ko su jera su layi biyu, layi ɗaya na wata, ɗaya na mako ko rana. A gilasan Japan da dama ba za ka ga lambar shekara a fili ba, sai dai ɗan ɗigo a sama ko a ƙasan wani harafi na sunan da aka rubuta, kuma matsayin harafin ne ke nuna lokacin. Don haka kafin mutum ya yi lissafin 7 da 13, ya kamata ya duba ko sakamakon da yake samu a yawancin gilasan ya dace da kwanan watan motar. Idan gilasai huɗu daga cikin shida suka faɗo 'yan watanni kafin haɗa motar, to tsarin da ya ɗauka daidai ne.

Ga masu sayen tsohuwar mota kuma, lamba ɗaya tilo tana da illa, domin 4 tana iya zama 2004 ko 2014 ko 2024. A sabuwar mota irin taka wannan ba matsala ba ce.

Gilasanka ɗaya bayan ɗaya

Sitikar ƙofa ta ce an haɗa motar a watan Mayu na 2024. Gilashin gaba mai ɗigo 3 a hagu ya ba mu 7 a cire 3, wato Afrilun 2024, wata ɗaya kafin haɗa motar. Ƙofofi ukun nan masu ɗigo 5 a hagu sun ba mu Fabrairun 2024. Gilashin baya mai 3 da ɗigo 2 a dama ya ba mu 13 a cire 2, wato Nuwamban 2023, watanni shida kafin haɗa motar. Dukkansu sun girmi motar, kuma haka ya kamata, domin sai an yi gilashi an kai shi masana'antar haɗa motoci kafin a ɗaura shi.

Maganar abokinka tana da ɗan tushe, amma ya tsaurara ta fiye da kima. Masana'antar gilashi ba ta yin gilasan mota ɗaya a rana ɗaya ta ɗaure su tare. Kowane fasali yana da nasa ma'aunin lanƙwasawa, kuma sauya shi yana cin lokaci, don haka sukan yi dubban gilashin baya a jere su ajiye, sannan su koma kan na ƙofofi. Gilashin baya ma yana da ƙarin aiki saboda siraran wayoyin da ke ɗumama shi, wani lokaci har da eriyar rediyo, kuma sau da yawa daga wata masana'antar yake fitowa. Bayan haka akwai zaman sito da tafiyar jirgin ruwa. A abin da na saba gani, tazarar wata ɗaya zuwa shida ita ce ta yau da kullum, kuma na sha ganin wadda ta kai shekara a motocin da ba a yin su da yawa. Motocin da ake kawo sassansu a akwatuna a haɗa su a wata ƙasa, irin aikin da kamfanin Peugeot ya fara a Kaduna tun 1975, tazararsu takan fi haka, tunda sassan kansu sai sun yi tafiyar teku kafin a haɗa su. Duk motar da aka haɗa a farkon shekara kuwa, da wuya a rasa lambar shekarar da ta gabata a wani gilashinta. Shi gilashi ba ya lalacewa don ya zauna a sito, saboda haka waɗannan watanni shida ba su rage masa komai ba.

Saura ƙofar baya ta dama. Ka ce 4 ce sannan ɗigo 4, wato ɗige-ɗigen suna dama da lambar. Lissafi ya ba mu 13 a cire 4, wato Satumban 2024, watanni huɗu bayan motar ta bar masana'anta. Idan karatun nan daidai ne, babu yadda za a yi a ce da wannan gilashin aka haɗa motar.

Kafin ka ɗauki wannan a matsayin hukunci, ka koma ka sake karantawa, domin a nan ne na fi ganin mutane suna yin kuskure. Gilashi abu ne da ake gani ta fuska biyu, kuma wanda ya karanta rubutun ta ɓangaren da ba daidai ba zai ga hagu ta koma dama. Na taɓa samun wani matashi da ya zo shagona a fusace yana shirin mayar da mota, ashe yana zaune ne a cikin motar ya karanta lamba 8, wadda ba ta nuna alamar an juya ta, sai watan Maris ya koma masa Satumba. Ka tsaya ta ɓangaren da sunan kamfanin yake karantuwa daidai, ka goge ƙura, ka sa farar takarda a bayan gilashin, ka ɗauki hoto da waya ka faɗaɗa shi. Idan ɗige-ɗigen nan huɗu suka zama a hagu suke, to Maris ne na 2024, kuma magana ta ƙare. Ka kuma duba ko mai gilashin wannan ƙofa shi ne mai na sauran ƙofofin, domin in kamfani daban ne, tsarin lissafinsa ma yana iya zama daban.

Idan ya tabbata motar ta girmi gilashin

To an canza shi, amma canza gilashin ƙofa ɗaya bai kai a kira shi haɗari ba. Tsakanin masana'anta da hannunka mota takan yi tafiyar watanni. Ana tuƙa ta a shigar da ita jirgi, a sauke ta a tashar jiragen ruwa, ta zauna a fili tana jiran takardun kwastam, sannan a ɗora ta a tirela ta ratso ɗaruruwan kilomitoci. A kowane zango gilashi yana iya fashewa, ko dutse ya tashi ya same shi, ko ɓarawo ya fasa don ya ɗauki abin da ke ciki, ko sarƙar ɗauri ta doke shi. Dila mai gaskiya yakan sa sabo na asali kafin ya sayar. Abin da ya kamata ka bincika shi ne ko gilashin kaɗai aka taɓa ko har da ƙofar, da kuma irin gilashin da aka sa.

Abu na farko da nake dubawa shi ne tambarin kamfanin motar. In yana nan kamar yadda yake a sauran ƙofofin, to gilashin na asali ne da aka samo ta hannun kamfanin. In babu shi sai tambarin mai gilashi kaɗai, to irin na kasuwa ne, wanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A cikin irin wannan akwai masu kyau ƙwarai, kuma ina ɗaura su kullum, amma wanda ya biya kuɗin sabuwar mota haƙƙinsa ne ya sami na asali. Daga nan sai in buɗe ƙofar in kaɗa ta a hankali ina saurare. Gilashin ƙofa in ya fashe, ɓarɓashinsa yana zubewa ne cikin cikin ƙofar, kuma komai ƙoƙarin mai shara sai an bar saura. Na tuna wata babbar mota da aka kawo mini, ledar kujerunta ma ba a cire ba, amma gilashin ƙofa ɗaya ya nuna watanni biyar bayan haɗa ta. Da muka cire murfin ƙofar na ciki, sai ga ɓarɓashin kwance a ƙasa kusa da hujin da ruwa ke fita, launinsa kore-kore, girman ƙwayar masara, wasu kuma sun maƙale a layin da kujerar baya take zama. Ledar da ke manne a cikin ƙofar don tare ruwa an yage ta an mayar da salatif. Amma da muka auna kaurin fenti, ƙofar ta zo daidai da sauran jikin motar, kuma kan notunan da ke riƙe da ita babu alamar an taɓa sa musu sifana. Daga baya mai sayarwar ya amsa cewa a hanya aka fasa gilashin, ya rubuta hakan a takarda, ya kuma gyara ledar.

Waɗannan alamomi biyu, fenti da notuna, su ne ke raba ƙaramar magana da babba. Masu gyaran bodi da dama yanzu suna da 'yar na'urar auna kaurin fenti. A auna ƙofar a wurare da yawa a gwada da ƙofar hagu da kuma bodin da ke maƙwabtaka da ita. Ƙofar da aka sake wa fenti takan nuna kauri fiye da sauran a fili, wani lokaci har ninki biyu. A duba robar da ke gefen gilashin ko akwai feshin fenti a kanta, a kuma duba ko tazarar da ke tsakanin ƙofar da bodi daidai take daga sama har ƙasa.

Da a ce gilashin gaba ne ya nuna wannan alama, da na fi matsa maka lamba. Shi ana manna shi ne da gam mai ƙarfi, yana taimakawa wajen riƙe rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar da ke gaban fasinja a kansa take dogara idan ta buɗe. A sababbin motoci akwai kyamara a bayan madubin tsakiya, wadda dole a sake daidaita ta duk lokacin da aka canza gilashin. Wanda bai ƙware ba kuma yakan kankare fentin da ke ƙarƙashin gam ɗin da wuƙa, bayan damina biyu sai tsatsa ta fito ruwa ya fara shiga. Gilashin ƙofa ba shi da waɗannan matsaloli, tunda a kan layinsa kawai yake hawa da sauka.

Sauran shaidun da ke jikin motar

Ba na son ka dogara da gilashi kaɗai, domin akwai wasu wuraren da mota ke faɗin shekarunta. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1624, mako na 16 ke nan na 2024, wato tsakiyar Afrilu, kuma ya dace da motar da aka haɗa a Mayu. A gindin bel ɗin kujera akwai ƙyalle da aka ɗinka, wanda sau da yawa yake ɗauke da shekarar da aka yi shi. A lambar shasi mai alamomi 17, motocin kasuwar Amurka da wasu da dama suna nuna shekarar samfuri a gurbi na 10, inda P take nufin 2023, R 2024, S kuma 2025. Sai dai shekarar samfuri daban take da ranar haɗawa, domin ana fara haɗa motocin sabuwar shekara tun cikin shekarar da ta gabata. Idan tayar baya ta dama ita ma ta fita daban da sauran ukun, to gilashi da taya a gefe ɗaya sun isa su sa a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta.

Iyakar abin da zan iya yi daga nesa shi ne in karanta maka abin da ka rubuto. Ɗige-ɗigen suna nuna watan da aka yi gilashi ne kawai, ba sa nuna ranar da aka ɗaura shi ko dalilin ɗaura shi, kuma masana'antar da ta buga su ita ce mai maganar ƙarshe a kan ma'anarsu. Haka nan dacewar kwanan wata ba ta wanke mota gaba ɗaya, tunda ana iya canza gilashi da wanda aka yi a wata ɗaya da na asalin.

Shawarata ita ce, bayan ka sake karantawa ta ɓangaren da ya dace, in har Satumba ya tabbata, ka kai motar wurin mai gyaran bodi da ka yarda da shi, wanda ba shi da alaƙa da dilan, ya auna fentin ya duba notunan. Amma kada ka bari a cire murfin ƙofar tukuna, don kada a ce kai ka taɓa ta garanti ya faɗi. Sannan ka je wurin dilan da hotunan gilasan shida da na sitikar ƙofa da rasit ɗinka, ka tambaye shi cikin mutunci abin da ya sami wannan ƙofa, ka nemi a buɗe murfin a gabanka. Idan gilashin na asali ne kuma fentin bai nuna komai ba, ni a ganina ka riƙe motarka, amma ka karɓi bayanin a rubuce da sa hannu, domin ranar da za ka sayar da ita mai saye ma zai iya ƙirga ɗige-ɗigen nan. Idan na kasuwa aka sa, ka nemi a musanya shi da na asali ba tare da ka biya ko sisi ba. Idan kuwa aka ga an taɓa fentin ƙofar ko an kwance ta, to aibi ne da ya wajaba a bayyana maka kafin ciniki, kuma kana da damar neman ragi ko musanya. In aka ƙi sauraronka, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi, kuma hotunan da rahoton mai gyaran bodin su ne za ka gabatar mata.